Kumbo a Filin Shanya

Kansila Barmo mutum ne mai saurin cewa an gama. Ranar da Ciyaman ya kira shi ofis ya ce gwamnati za ta zuba kuɗi a binciken sararin samaniya, ana kuma neman fili a mazaɓarsa da za a gina cibiyar, ko ƙarshen zancen bai tsaya ji ba ya ce an gama. Ciyaman ya ce madalla, don dama in babu fili, to shi ma babu tikiti a zaɓe mai zuwa. Sai da Barmo ya hau babur ya kama hanyar gida sannan ya tuna fili ɗaya ne tak a Kwanar Jatau mai irin faɗin da ake so, shi ne inda mata ke shanyar tattasai da kauɗar tumatir. Shugabar masu shanyar kuwa Gwaggo Tabawa ce, yayar mahaifinsa, wadda in ta ce a'a ko mai gari sai dai ya ce haka ne.

Da ya ga abin ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya roƙi a ba shi aron injiniya daga babban birnin jiha. Aka turo masa wani matashi mai kwat da farin gilashi. Suka tarar da matan a bakin filin, an shimfiɗa tattasai jajur iya ganinka, Gwaggo Tabawa na zaune a kan turmi da 'yar sandarta ta korar awaki. Tun kafin a gama gaisuwa injiniya ya yi atishawa, mata suka yi masa sannu.

"Barmo, wannan fa? Mai allurar rigakafi ne?"

"Gwaggo, a gaban baƙi Honarabul ake cewa."

"To Honarabul, matsa, ka taka mini tattasai."

Barmo ya matsa. Ya gyara hula ya ce abin alheri ne ya zo gari, gwamnati ta zaɓi filin nan cikin duk filayen jiha, a nan za a riƙa kula da kumbo.

"Kumbo?" in ji Gwaggo. "Duk filin nan saboda kumbo guda? Ina da su a ɗaki, a zo a ɗauki wanda ake so. Na miyar ne dai ke yoyo."

Injiniya ya yi murmushi irin na masu ilimi, ya ce, "Iya, ba na cin tuwo ba. Wannan jirgi ne da ake harbawa sama, ya kai tauraron ɗan'adam can ya ajiye. Shi kuma tauraron daga can yana ganin komai. Ko kaza ce ke kiwo a tsakar gidanki zai gan ta."

Mata suka kalli juna. Wata daga baya ta ja mayafi ta ce, "Malam, makewayinmu fa ba rufi."

Barmo ya yi maza ya ce ai tauraron na da tarbiyya, gwamnati ce ta saya, in ya zo saitin gidan mutane kawar da kai yake yi. Injiniya ya buɗe baki zai gyara, Barmo ya taka masa ƙafa.

"Faɗa musu na ruwan sama," ya ce masa ƙasa-ƙasa.

Nan fa injiniya ya samu hanya. Ya ce da wannan tauraro za a san ranar da ruwa zai sauka tun hadari bai haɗu ba, a sanar a rediyo, kowa ya kwashe shanyarsa a tsanake. Wannan ta shiga kunnen mata, don bara ruwan bazata ya jiƙa musu kauɗa ta yi baƙi, ko a kyauta 'yan kasuwa suka ƙi ɗauka. Aka fara gyaɗa kai. Barmo ya ji tikitinsa ya fara dawowa aljihu.

Gwaggo ta ce, "Wannan kam magana ce. Za a faɗa mana mu kwashe shanya."

"Ƙwarai kuwa, Iya."

"Daga wane filin?"

Injiniya ya cire gilashi ya hau gogewa. Barmo ya durƙusa har ƙasa, ya rantse zai nemo musu wani filin a bayan makaranta, har da shinge saboda awaki, shi da kansa zai kafa. Ya ce, "Gwaggo, ki dubi girman zumunci. Duk ƙasashen da suka ci gaba sai da suka leƙa sama. Mu kaɗai za mu zauna a ƙasa? Kuma in abin nan ya wuce mu, ni ma na wuce."

Gwaggo ta dube shi. Ɗan ƙaninta ne dai, ita ta goya shi. Ta ja numfashi ta ce to, in dai da shinge, ba za ta hana gwamnati abin da ta yi niyya ba, kuɗinta ne, ko da yake an ce namu ne. Barmo har ya laluba waya zai kira Ciyaman ya ce an gama.

"Tsaya tukuna," in ji ta. Ta juya wajen injiniya. "Ɗan nan, shi kumbon, Turawa za a ɗauko su tuƙa?"

Injiniya ya miƙe ƙirji. "Ina! Ai nan ne abin alfaharin, Iya. Yaranmu ne na gida, yanzu haka suna can ana koya musu. Wannan ne zai zama hawansu na farko. In an dace, wata ran har duniyar wata za su taka."

Gwaggo Tabawa ta dogara sandarta ta miƙe, ta ce wa mata kowa ta koma kan shanyarta, fili yana nan inda yake.

"Haba Gwaggo! Yanzu fa kika yarda!"

"Honarabul, Turawan da suka iya tuƙin abin ma, da suka je wata, afolo suka kwaso mana, kowa ido jajur. Ina ga ɗan koyo?"