Rasuwar Gurnani, Injin Gudun Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani takaici da har yanzu ya ƙi sauka, nake sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da matan zauren gudunmu na waya rasuwar injin guduna, wanda 'yan biyuna suka raɗa wa suna Gurnani. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce, a lungun da ke tsakanin banɗaki da ɗakin yara, inda ya yi duk zamansa a gidan nan. Ba na gida lokacin da rai ya yi halinsa. Wanda yake gida kuwa, zan zo kansa.

Marigayin ya zo hannuna da shekarunsa. Na samo shi daga wani gidan motsa jiki da aka rufe, hannunsa na hagu naɗe da salatif, maɓallin rage gudu kuma sai an lallaɓa shi yake amsawa. Ba don ado na kawo shi ba. Mahaifiyata ta yi shekaru a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni na yi jinyarta har ƙarshe. Don haka ranar da likita ya kwance abin awo daga damtsena ya ce jinina ya hau, kuma zaman kujerar sakatariya daga safe zuwa yamma ba taimakona yake ba, ban yi masa gardama ba. Wata abokiyar aikina ta saka ni a zauren mata masu gudun kullum. Gasa ce ta ganin masu jurewa har ƙarshe, dokar guda ɗaya ce: ki yi gudunki, ki turo hoton shaida kafin rana ta faɗi. Kika tsallake yini ɗaya, an cire ki. Shugabarmu, wadda muke kira Kyaftin, babu wadda ta taɓa ganin fuskarta, amma ta cire mai zazzaɓi, ta cire wadda ta je bikin ƙanwarta, ko sannu ba ta tsaya yi ba.

A titi na fara gwadawa. Masu babur suna rage gudu suna tambayata ko kare ne ya biyo ni. Mai shagon kan kwana ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, lafiya dai? Gobara ce?" Na dawo gida na ce ni da titi mun rabu. Gurnani ne ya rufa min asiri.

Ina shaida cewa marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa dariyar yadda nake haki ba. Idan na dawo daga aiki na kunna shi, sai ya ce "tit, tit," ya ɗan yi shiru kamar mai tuno wani abu, sannan ya kama "gurrr, gurrr" har na gama. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta sha dukan silin ɗinta da sandar share daɓe, bai taɓa ramawa ba. Ya jure ɗauke wuta ana tsakiyar tafiya. Ya jure 'yan biyu da suke ɗora masa takalmansu don su ga ya watso su. Abin da ya fi duka, ya jure maigidana. Tun ranar da aka haura bene da shi Baban 'yan biyu ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Mutum ya yi ta gudu bai je ko'ina ba. Wannan ai cin wuta ne kawai." Daga nan ya mayar da shi wurin rataye tawul da wando. Kullum sai na sauke kayansa kafin na hau.

A haka zauren ya yi ta zubewa har muka rage 'yan kaɗan, ina cikinsu. Jinina ya sauka. Na daina tsayawa a tsakiyar bene ina neman numfashi. Ƙarshen gasar ya matso, har an fara tambayarmu girman rigar da za a buga wa waɗanda suka kai.

Ciwon ajalinsa a hankali ya shigo. A makonnin nan muryarsa ta sauya, gurnanin ya riƙa haɗuwa da wani "ƙiii, ƙiii" mai taɓa zuciya. Bel ɗinsa da ake takawa ya fara zamewa gefe. Wani lokaci in taɓa shi kafin na kunna, in ji shi da ɗumi, na ce ko zafin ranar da ke shigowa ta taga ne. Na kuma lura an daina rataye masa tawul, har na yi murna na ce yau dai maganata ta shiga.

Ranar Talata oga ya riƙe mu a taro, na dawo a makare ina sauri. Tun daga ƙasan bene na ji ƙaurin roba. Na buɗe ƙofa na tarar da Baban 'yan biyu zaune dirshan a lungu, daga shi sai singileti, gumi sharkaf, gwiwa a kurje, yana fifita hayaƙi da tawul. Na danna maɓalli. Ko "tit" ɗaya babu.

Na ce, "Baban 'yan biyu, me ya faru?"

Ya ce, "Wuta aka kawo da ƙarfi."

Na kalli firji yana aikinsa, na kalli fanka tana juyawa. Sai na kalli ƙafarsa, na ga takalmin gudu sabo fil.

Na ce, "Wutar ce ta saya maka takalmi?"

Nan ya fito da gaskiya. Ashe tun kwanaki likita ya gaya masa yana da ciwon suga, ya ce in bai rage tumbi ba akwai matsala. Shagon fentinsa a ƙarshen layinmu yake, don haka idan rana ta take, ina ofis yara suna makaranta, sai ya rufe ya lallaɓo ya hau. A ranar kuwa da yamma ya samu hawa, ganin ban dawo ba, ya ga dama ya ƙure maɓallin gudu don ya ga iyakarsa. Maɓallin ragewa ya ƙi amsawa. Gurnani ya yi iya yinsa da nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya watsar da shi jikin bango, ya yi wani "ƙiii" mai tsawo, ya cika.

Na ce, "Suga? Ni da nake cika maka shayi da sukari da hannuna kullum safe, kana sha kana shiru?"

Ya ce, "Da wane bakin zan faɗa miki, bayan duk abin da na ce?"

Har yau ban san wanne ya fi ƙona min rai ba, injin ko ɓoyon. Kafin na gama wanke masa ciwo ina faɗa, rana ta faɗi. Na rubuta wa Kyaftin bayani mai tsawo, na haɗa mata da hoton gawar. Ta amso da layi ɗaya: "Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Doka doka ce." Sai na ga an cire ni. Watanni ina gudu ko ciwon kai bai hana ni ba, aka share ni kamar wadda barci ya ɗauke. Washegari mai gyara ya zo ya buɗe cikinsa, ya shinshina, ya mayar da murfi ya ce, "Anti, sai haƙuri."

Marigayin ya rasu ya bar tabarmar robar da yake tsaye a kai, da kwalbar man bel ɗinsa da ba ta kai rabi ba, da tabon ƙafafunsa a daɓe wanda na goge ya ƙi fita. Ya bar 'yan biyu da ba su da abin watsa takalmi. Ya bar ni. Ya bar wanda ya yi sanadinsa, yana ɗingishi yana shan shayi salam. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hauro ta'aziyya, kuma na gode mata, duk da murmushin da ta kasa ɓoyewa.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da kurarsa. Benen yana da ƙunci, muna roƙon maza masu ƙarfi su taimaka, amma ɓangaren injin, mai nauyin, Baban 'yan biyu ne zai ɗauka shi kaɗai. Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Mai son yin ta'aziyya ya same mu da sassafe a titin bayan makarantar yara, kowace rana. Zai ga mace a gaba fuska a ɗaure, da wani mai tumbi can baya yana haki. A gaishe ni a guje, don ba na tsayawa. Shi kuma kada a ba shi lemo, kada a rage masa hanya. Wanda ya tarar ya zauna a bakin kwalbati, don Allah ya tashe shi. Fushi nake da shi, amma ban shirya rubuta sanarwa ta biyu ba.