Waken da ya je Kore Mairuwa ya dawo

Jama'a, jiya na kai wakena buhu huɗu kasuwar Kore Mairuwa, na kuma dawo da abina buhu huɗu. Ya sha iska, ya ga gari.

Bara ne masu girma iyayen talakawa suka zo garinmu suka ce duk mai son arziki ya shuka wake. Mu kuwa mutane ne masu biyayya. Arewa kaf muka shuka, shi ya sa jiya kasuwa ta zama wake gaba, wake baya. Alhassan, ɗan kasuwar da ke sayen amfanin gonata, bai ko kwance bakin buhu ba. Wayarsa ya duba, ya faɗi kuɗin da ko ladan 'yan ƙwadago ba zai biya ba. 'Ya'yana biyu suna cirani, sai da na ɗauki masu noma.

Na ce, "Alhassan, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Baba, ba ni na yanka kuɗin ba, waya ta."

Ina isowa gida na tarar da manyan motoci bakwai a gindin gawo. Ashe masu girma ne suka sake tunawa da mu, sun zo koya mana yadda ake cin ribar noma. Wani mushe, wato ma'aikaci ɗan boko, mai tattausan hannu ya zana layi a allo, layin yana ta hawa sama. Ya ce ribarmu ke nan. Wallahi ban taɓa ganin riba mai kyan wannan ba.

Maƙwabcina Ɗantala ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, takin da anka yi muna alkawari tun shuka fa?"

"Yana hanya."

"To shi yi a hankali, mun riga mun sussuke."

Da na ga taron ba mai ƙarewa ba ne, na leƙa gida, sai na iske matata Hamsatu ta farke buhu guda, ta jiƙa, ta niƙa, tana tuyar ƙosai. Direbobin baƙi suka yi layi. Shi kansa mushe ya aiko a sayo masa, har da ƙarin yaji. Kafin la'asar ta samu abin da Alhassan ya hana ni.

Saboda haka ina roƙon masu girma kada su gaji da mu. Takin ya yi zamansa inda yake. Su dai su riƙa zuwa duk mako, kuma don Allah kada su karya kumallo a gida.