Gizaka a Gidan Surukai

Ko na tsufa na fara rikicewa, ba zan manta da ranar da na je gaisuwar surukai ta farko a Dandin Mahe ba. Na taso daga Bodinga da hantsi, cikin damina, na sha babbar riga ta shadda wadda sitaci ya sa take tsayuwa da kanta. Tun a mota nake maimaita yadda zan yi magana a hankali kamar limami.

Baban Hauwa'u, yarinyar da nake nema, ya tarbe ni da ƙannensa biyu a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiya. Na duƙa, na sunkuyar da kai. Muna cikin gaisuwa sai na ji wani abu ya faɗo mini a ƙeya, ya gangara cikin riga. Na ce a raina ganye ne.

Ashe gizaka ce, tsutsar nan mai gashi. Wanda bai taɓa gamuwa da ita ba, ya ɗauka an zuba masa garin barkono a gadon baya. Ƙaiƙayi ya tashi, zafi ya biyo baya. Amma ina zan yi susa gaban suruki? Sai na fara motsa kafaɗa a ɓoye (a ɓoye a ganina ke nan). Ina motsi, tana daɗa goga mini gashinta.

"Malam, lahiya dai?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba," na ce, hawaye na zuba.

Ɗaya daga cikin ƙannensa ya girgiza kai ya ce, "Wanga yaro akwai kunya, Allah shi yi mai albarka."

Bai rufe baki ba gizakar ta kai ƙuguna. Ban san lokacin da na miƙe na yi ihu ba. Na fizge babbar riga, na cire ta ciki, hula ta yi nata waje, ga ni tsaye daga ni sai wando ina tsalle gaban dattawa uku.

Kakar Hauwa'u ta leƙo daga zaure. Da ta ga bayana duk ya yi ruɗu-ruɗu, sai ta fashe da dariya: "Gizaka ta! Zo nan, mijina, ashe har rawa ka iya!" Ta zaunar da ni, ta kankare gashin da bayan wuƙa, ta shafe ni da toka har wuya. Hauwa'u kuwa ina jin dariyarta ta bayan katanga.

Baba ya share hawayen dariya ya ce, "Mutumin da ya daure wa gizaka haka don girmana, zai iya riƙe ɗiyata. Na ba ka."

Yau 'ya'yanmu uku, amma a garin har gobe sunana Angon Gizaka. Abin da na koya shi ne, in abu ya shiga rigarka gaban manya, ka nemi izini ka zagaya tun yana wuya. In ka bari ya kai ƙugu, ba kai za ka zaɓi inda za ka tuɓe ba.