Abartisma ta Ci Mini Bunsuru

Jama'a, in kun ga rumfata a rufe ranar kasuwar Gidan Rumji, ba ciwo na yi ba. Jami'a na tafi, ni Usaini mahauci, da bunsuru a igiya.

Ɗiyata Ummuhani tana karatun likitan dabbobi can birni, kuma ita ce ta farko a gidanmu da ta kai nan. Shekaranjiya direba ya miƙo mini takarda daga makarantarsu, hatimi har uku, wai in sa hannu. Na kira salularta, babu rezo. Sai na kai wa maƙwabcina Rabo, da yake ya yi lakol, wato boko, shekara shida.

Rabo ya dubi kalmar sama, ya cire hula. "Usaini, abartisma ce."

"Mi ke nan?"

"Gargaɗi. Irinta aka ba ɗana a koleji. Daga ita sai kora."

"To karanta sauran mana!"

"Sauran baƙaƙen ƙanana ne, idona bai kai ba."

Shekara goma sha biyar yarinyar nan tana karatu, a kore ta saura ƙiris? Na kwance jan bunsurun da nake kiwo don layya, na hau motar farko. Ban iya Faransanci ba, amma na iya ba da haƙuri.

A buro, wato ofishin jami'ar, na tarar da Mai Girma Shugaban Kwamitin Lallashin Zukatan Ɗalibai. Allah shi ƙara mishi sanyi, don ɗakin nan har bunsuru sai da ya yi atishawa. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ko mi ta yi, ƙuruciya ce."

Ya yi dariya har kujera na juyawa. Ashe ba laifi ta yi ba. Sabuwar dabara ce da suka ɗauko a taron kwana tara a otel: kafin a koyar da abin da zai tada hankali, sai a gargaɗi ɗalibi da iyayensa. Darasin wannan mako akwai jini, akwai kayan ciki.

Na ce, "Ummuhani? Tun tana shekara bakwai take wanke mini tumbi!"

"Doka ce, Malam. Ba mu ware kowa ba."

Ni fa ban raina abin ba. Akwai wanda rayuwa ta nuna wa abin da ba ya son sake gani, a faɗa mishi tun da wuri alheri ne. Amma duk Faransancin duniya, a rasa kalma sai wadda ake korar 'ya'yan mutane da ita?

Ina fitowa sai ga Ummuhani, ta rufe fuska da gyale. "Haba Baba! Da bunsuru?"

Bayanta malaminsu ne, Mushe Dikko, haka suke ce wa malam da Faransanci. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba, idonsa na kan dabbata. Nan na ji sauran labarin. Shekara biyu ajin bai taɓa dabba ba, a allo Mushe yake zana hanji. Jinin da aka yi mana gargaɗi a kansa, jan alli ne. Ragon da aka ware don darasi kuwa, da shi kwamiti ya buɗe taro.

Ummuhani ta rage murya. "Baba, in ban yi fiɗa a gaban Mushe ba, ba za a ba ni sakamako ba."

To mi zan ce? Ƙarƙashin iccen bedi na yi bisimilla na yanka, na miƙa mata wuƙa. Ta feɗe shi tas, tana kiran sunan kowace tsoka da Faransanci. Ni da na san bunsurun nan tun yana tsotso ban san yana da sunaye haka ba. Sai da na share hawaye, don daɗi. Ɗalibai arba'in, 'ya'yan manoma da makiyaya, ko ƙifta ido babu wanda ya yi. Mutum ɗaya ne ya faɗi, Mai Girma, da ya fito a ɗauke shi hoto. Ummuhani ce ta yayyafa mishi ruwa.

Na dawo gida da igiya a aljihu. Rabo ya tare ni a ƙofa.

"An kore ta?"

"Ina! Ta ci jarrabawa."

"Bunsurun fa?"

"Da shi kwamiti ya rufe taro."

Ranku shi daɗe 'yan kwamiti, in kun koma otel, ku rubuta mana abartisma mu ma masu dabbobi, da manyan baƙaƙe yadda Rabo zai gani. Ni ba wanda ya gargaɗe ni, kuma ko ƙafa ba a ba ni ba.