Ambaliya a Gidan Bappa

Wani ne a unguwar Gwadabawa ta Jimeta ya yi karatun kwamfuta, ya ƙware a rubuta manhajar da ke kwaikwayon tafiyar ruwa. Ka ba ta girman tanki da abin da kowa ke sha, ta gaya maka yadda gobe za ta kasance. Aiki dai bai samu ba, amma karatun yana nan.

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Jimeta, gidan Bappansa ya cika da 'yan uwa har gindin mangwaro. Ruwa ya fara gazawa. Bappa ya ce, "Kai ɗan boko, duba mana kurar ruwa nawa za mu riƙa saye."

Mutumin ya rungumi kwamfuta ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai saka a lissafi ba shi ne, mutanen nan Fulani ne masu kunya, kuma baƙi.

"Goggo, ruwa nawa kike sha a rana?"

"Ni? Kofi ɗaya ma sai na rage."

"Kawu Hamajoɗa, wanka fa?"

"Ai na yi a Mubi."

Ya zuba amsoshin yadda suke. Kwamfuta ta yi nazari, ta ce ruwa ya yi wa gidan yawa, tanki zai tumbatsa ranar Juma'a. Nan take ya sallami masu kura.

Washegari aka murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Hajja, matar Bappa, ta ce, "Tankin nan, ƙadangare ya faɗa ciki sai ya karye."

"Hajja, bayanan ne suka tsufa. Bari in sabunta."

Ya koma wa baƙi. Su kuwa da suka ga gida ya shiga matsi, kunya ta ninka. Kawu ya ce shi tun yana yaro ruwa ba ya karɓarsa. Goggo ta ce, "Ɗana, mu da za mu ƙara muku, ina mu ina sha?"

Ya rubuta: baƙi na ƙara ruwa.

Kwamfuta ta shafe taswirar unguwar da shuɗi, alamar ambaliya, har bakin kogin Binuwai. Mutumin ya kira tifar yashi, ya jere buhunan yashi a ƙofar gida. Ya hau da awakin Hajja kan rufi. Ya gargaɗi maƙwabcinsu Fredrick, shi kuma ya je ya yi cinikin kwalekwale.

Ranar Juma'a, an kusa shiga masallaci, Bappa ya girgiza buta, ba ko ɗigo. Ya tsuguna ya kwance bakin buhu ɗaya zai yi taimama.

Mutumin ya kwarma ihu daga kan rufi, "Bappa, kar ka buɗe! Ambaliya za ta shigo!"

Bappa bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "In ta shigo, nuna mata butata."