Sarkin Fomatin da Kundin Auta

Allah Ya yi wa layinmu baiwa iri-iri, amma babu kamar Injiniya. Wasu layukan da famfo suke alfahari, wasu da fitilar titi. Mu kuwa muna da mutumin da ya taɓa halartar kwas na kwana uku a kan kwamfuta, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe. Takardar na nan rataye a shagonsa, tsakanin mai aski da tela, ƙarƙashin allon da aka rubuta wa Cibiyar Nazarin Na'urori ta Ƙasa da Ƙasa. Cibiyar ɗaki ɗaya ce da benci, sai injin fotokwafi mai yin tari kafin ya fitar da takarda. Shugabanta kuwa farar riga yake sawa irin ta likitoci, da tabarau wanda ba na magani ba, da filashi uku a wuya kamar lambobin yabo.

Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Mutanen layi, da yake ba su da rowa, suka ƙara masa da Sarkin Fomatin, saboda magani ɗaya gare shi. Kwamfuta ta daina fitar da murya? A goge komai a zuba sabon tsari. Maɓalli ya maƙale? A goge. An taɓa kawo masa wadda cajarta ce kawai ta mutu, ya share ta tas, ya ce rigakafi ne.

Yana da ƙanwa, Auta, 'yar ajin ƙarshe a jami'a. Kwamfutarta tsari biyu gare ta, kamar gida mai ɗaki biyu. Idan ta kunna, wani ɗan jeri ne ke fitowa ta zaɓi inda za ta shiga. Ɗaki ɗaya na yau da kullum ne. Ɗayan malaminsu ya sa aka zuba musu don aikin ƙididdiga, kuma a nan kundinta na kammala karatu yake, shafi tamanin, wahalar wata bakwai. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. Wanda bai miƙa ba, sai baɗi.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi ta kawo kwamfutar shago don ta kwafi kundin a filashi a buga mata. Ta ajiye ta a kan tebur, ta ce za ta je sayen bangon da za a sa wa kundin ta dawo. Abin da aka roƙi Injiniya ke nan, ya sa ido kar a ɗauke. To amma babban likita ba ya ganin maras lafiya ya wuce. Ya buɗe, ya ga tana ɗan jinkiri, tausayi ya kama shi. Kafin Auta ta dawo ya sake zuba tsarin yau da kullum sabo fil.

Ta dawo, ta kunna. Babu jeri. Kwamfuta ta zarce kai tsaye cikin sabon ɗaki wanda ko tsinke babu. Ta kashe ta sake kunnawa.

"Yaya, me ka yi mata? Ina jerin da nake zaɓa?"

Injiniya ya gyara tabarau. "Ki ce na gode tukuna. A da tana tsayawa tana tambayarki, yanzu ta san hanya da kanta. Wannan a fanninmu shi ake kira ci gaba."

"Kundina yana ɗaya ɓangaren, Yaya!"

"Kundi ba ya ɓata a hannuna. Yana dai hutawa a wani wuri."

Tsoro ne ya kama Auta na gaske. Ta kira mahaifiyarsu a waya tana kuka, kukan kuma ya tara jama'a. Mai aski ya shigo da almakashi a hannu, bayansa ga wanda ake yi wa askin, rabin kai fes rabin kai daji. Tela ya leƙo da tef a wuya. Can sai ga Umma, ta samu gefen benci ta zauna daidai saitin kwamfutar.

Wani da ya ga taro haka sai jikinsa ya yi sanyi. Injiniya kuwa ranar sallarsa ce ta zo. Yana da wata ɗabi'a ta manyan masana: da ya danna maɓallin kunnawa, sai ya juya wa na'urar baya ya fuskanci jama'a, ya rungume hannu, ya fara darasi. A ganinsa ƙaramin makaniki ne ke tsayawa yana zura wa inji ido.

"Jama'a," in ji shi a kunnawar farko, "kwamfuta kamar ɗan Adam take, tana da ƙwaƙwalwa, tana da zuciya. Ni zuciyar na karanta."

Ya juyo. Sabon ɗaki, fayau.

Ya cire batir, ya hura masa iska, ya mayar. Ya danna, ya juya baya. "A ƙasashen da suka ci gaba, wannan matsalar sai an tara kwamiti. Ku gode wa Allah kuna da ni a kusa."

Ya juyo. Fayau.

Haka aka yi ta yi. Ya kifa ta, ya ɗan bubbuga mata baya kamar jaririn da ya sha nono. Ya kai ta gaban fanka wai ta sha iska. Ya fita ƙofar shago ya yi waya da ƙarfi da "abokin aikina na ƙasar waje," wanda duk layin ya san ɗan kawunsu ne mai sayar da caja a tasha. Mai rabin aski ya nemi kujera ya zauna, ya ce kan nasa ya jira. Auta na tsaye a lungu, idonta a kan agogon bango. Biyu ta wuce, uku ta gota, ga tafiyar minti goma zuwa makaranta.

Daga nan Injiniya ya cire filashi ɗaya daga wuyansa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Na gano cutar. Tsari biyu a na'ura ɗaya ƙauyanci ne. Za mu goge ta gaba ɗaya, ciki da bai, mu fara daga tushe. Kundin kuwa, ai yana kanki. Ki sake rubutawa, zai ma fi na farko daɗi."

Auta ta yi tsalle ta dafe kwamfutar da hannu biyu. "Wallahi Yaya, sai dai ka goge ni tare da ita."

Sai a lokacin Umma ta yi magana, a hankali, kamar mai tambayar kwanan wata.

"Ni kam wannan ɗan rubutun da ke leƙowa a ƙasa ya gudu, na mene ne?"

"Umma, don Allah," in ji Injiniya da murmushin haƙuri, "wannan fanni ne na masana. Babu wani rubutu."

"Akwai. Duk sanda ka danna ka juya, sai ya fito can ƙasa ta hagu, kafin ka kai ga ƙasashen da suka ci gaba ya ɓace. Sau goma sha ɗaya ina ganinsa."

Auta ba ta jira izinin Cibiya ba. Ta kashe, ta kunna, ta kafa ido a ƙasan gilashin. Ga shi kuwa, ɗan layi siriri, yana cewa a danna F12 don zaɓen inda za a shiga. Da ma kullum yana nan, ba ta taɓa buƙatarsa ba ne. Ya ɓace kafin ta kai hannu. Ta sake kunnawa, wannan karon yatsarta na kan maɓallin tana dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ga jeri ya fito, suna biyu, na sama sabon tsarin Injiniya, na ƙasa tsohon ɗakinta. Ashe sabon tsarin gaba kawai ya shige ya tare ƙofa, ɗakin na nan ba abin da ya taɓa shi. Ta sauko ƙasa, ta danna. Kundi ya buɗe, shafi tamanin cif.

Ta fashe da dariya hawaye na zuba. Tela ya yi kabbara, mai rabin aski ya tafa.

Injiniya ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannu a yi shiru. "Kun gani? Batirin da na hura ne ya fara aiki. Irin wannan gyaran ba ya nunawa nan take. Auta, kawo in buga miki, sannan ki bar min ita in daidaita jerin ya riƙa fitowa da kansa."

Auta ta kwafi kundinta a filashi, ta rufe kwamfutar, ta ɗora wa Umma a cinya. Ta yi wa yayanta godiya cikin ladabi, ta tsallaka titi da gudu zuwa shagon wata mata mai buga takardu, wadda ko allo ba ta da shi. Huɗu saura kwata aka gan ta a bayan babur, kundi a ƙirji, tana ɗaga wa Umma hannu.

Mai aski ya matso kusa da benci, ya rusuna.

"Umma, ashe ke ce injiniyar gidan. A ina kika yi naki kwas ɗin?"

Umma ta miƙe, ta saƙale kwamfutar a hammata, ta dubi ɗanta daga tabarau har takalmi, sannan ta juya ga mai aski.

"Ni ko boko ban yi ba, ɗana. Na'urar kawai nake kallo. Shi kuwa tun safe ku yake kallo."