Kofin da Ya Ji Daddawa

Tun da likita ya hana ni kofi saboda hawan jini, duniya ta yi mini zafi. Sai ƙanena ya aiko mini 'ya'yan kofi masu tsada, waɗanda aka cire wa sinadarin hana barci. Na gayyato 'yan majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, na hana matata sa hannu, na daka su gaba ɗaya a turminta.

"Ku kurɓa a hankali, za ku ji ƙamshin zuma," na ce.

Malam Sani tela ya kurɓa.

"Alhaji, babu zuma. Amma ya ji daddawa."

Ashe turmin kayan miya ne.

Har yau, ko a zaman makoki muka haɗu sai ya raɗa mini, "Yaushe za a dafa kofi? Mu zo da tuwonmu."